Sunan Ɗan Fari

Asabar, bayan la'asar

Surukata Balki ta zo ta ce ƙafar maigidanta ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wai tun makon jiya ya taka ƙurungu a cikin jirginsa, ƙayar kifin ta shige masa tafin ƙafa. Ya zare ta da haƙori, ya ɗaure wurin da tsumma, ya ci gaba da dakon albasa tsakanin nan da Malanbil, kullum ƙafa cikin ruwan gulbi. Namiji ke nan, wai shi jarumi.

Na je gidan. Na tsaya bakin ƙofa kamar yadda na saba, na tambayi Balki yaya jikin Mai Jirgi, alhali ga shi nan kwance a tabarma yana kallona. Haka nake ce masa, Mai Jirgi. Ɗana ne na fari, kuma ni Hajara, yadda aka raine ni, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu. Shi kuma Madam yake ce mini, kamar sauran yaran da na koyar a lakkwal, makarantar boko.

Ya yi dariya ya ce ƙaya ce kawai. Ƙafar kuwa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Na dawo gida, tuwo ya ƙi ciwuwa.

Lahadi, da hantsi

Masassara. Balki ta ce palu ce, zazzaɓin cizon sauro, ta sayo ƙwayoyi wurin mai tebur.

Litinin, bayan azahar



Da safe Balki ta aiko a kira ni. Na tarar da shi yana sambatu, yana yi wa mutanen da ba su nan faɗa a kan buhunan albasa. Numfashinsa sama-sama, jikinsa zafi, hannuwansa kuma sanyi ƙalau. Maƙwabci ya kai mu asibiti a motarsa, muka shiga irjans, inda suke karɓar masu ciwon gaggawa.

Akwai layi, amma majo Siddo, babban mai jinyar wurin, wani dogo mai furfura a gemu, kallo ɗaya ya yi masa ya bar abin da yake yi. Ya danna farcen Mai Jirgi ya saki, ya tsaya yana jiran jini ya dawo. Ya auna tansiyon, wato ƙarfin jininsa, ya sa ido a ƙirjinsa yana bin numfashi. Daga nan bai tambaye mu ko takarda ba, ya ɗaga murya ya kira lokotoro, likitar wurin.

Da ta fito raina ya ɓaci. Ƴar yarinya ce siririya, ba ta kai Balki ba, Sa'ida sunanta. Na ce a zuciyata, to, yau kuma wannan ce za ta duba mana babban mutum? Kafin in gama wannan tunanin banza ta kwance tsumman, ta shinshina, ta sa an ɗebi jini, an huda jijiya a hannu biyu, ruwa na shiga ta nan, maganin kashe ƙwayoyin cuta na shiga ta can, an rufe masa hanci da abin shaƙar iska. Ban ga ta yi gudu ba, ban kuma ga ta tsaya ba. Awon palu ya fito babu komai.

Sai ta juyo ta tambayi yaushe rabonsa da fitsari. Kai jama'a, a gaban uwarsa! Balki ta sunkuyar da kai ta ce tun jiya da rana. Lokotoro ta kalli majo, majo ya kalle ta.

Sannan ta ce, “Mene ne sunansa?”

Ni na kalli bango. Balki ta kalli ƙasa, don ita ma ba ta faɗin sunan miji, Baban Kausar take ce masa. Mata biyu manya, mutum na mutuwa a gabanmu, an rasa mai buɗe baki. Balki ce ta yi dabara ta zaro kartidantite, katin shaidarsa, daga aljihun rigarsa ta miƙa. Lokotoro ta karanta, ta sunkuya a kunnensa ta kira shi da ƙarfi. Ya buɗe ido ya ce albasar ta jiƙe.

Talata, da walaha

Jiya kafin magariba suka shiga da shi suka tsaga ƙafar. Majo ya ce mugunyar da ta fito ba a magana. Yanzu yana wani ƙaramin ɗaki da suke kira reya, na waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Ba a barin kowa ya zauna, mutum ɗaya ke shiga, ya wanke hannu, ya ɗan tsaya ya fito.

Lokotoro Sa'ida ta zaunar da mu a benci ta yi mana bayani da Hausa tsaf, ba irin waɗanda ke jefa maka Faransanci su wuce ba. Ta ce a bakinsu sunan abin sepsis. Ƙwayoyin cuta sun tashi daga ƙafa sun shiga jini, jiki ya tashi yaƙarsu, yaƙin ya yi yawa har jiki yana ɓata kansa. Jijiyoyi sun saki, jini ba ya isa ƙoda da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Ruwan da aka ƙara masa bai isa ya ɗaga tansiyon ba, shi ya sa ta haɗa wata ƴar na'ura mai tura magani kaɗan-kaɗan don jijiyoyin su matse. Ta ce a wannan ciwo sa'ar farko ita ce babba, mu kuma mun zo a makare, amma ba mu zo bayan an rufe ƙofa ba.

Balki ta fashe da kuka ta ce ita ce ta ce palu. Lokotoro ta ce kowa a garin nan palu zai ce, ta daina wannan, ta je ta ci abinci.

Na tambaye ta ko zai tashi. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Wallahi na fi jin daɗin wannan amsar a kan a ce mini babu komai.

Laraba, da asuba

Fitsari kaɗan, kamar ruwan shayi mai kauri.

Laraba, bayan la'asar

Ban taɓa zaton zan zauna ina roƙon Allah a kan fitsarin mutum ba. Akwai robar da yake taruwa a ciki rataye a gefen gadon, lokotoro kuwa duk shigowarta can take fara durƙusawa, ta ɗaga ta a haske tana dubawa kamar mai sayen man gyaɗa. Ta ce robar nan ce ke gaya mata ko ƙoda na samun jini. Yanzu ni ma da na shiga, idona can yake zuwa. Ya fi mini sauƙi a kan kallon fuskarsa.

Alhamis, da hantsi

Na fara gane aikin majo Siddo. Ba ya wuce gado bai taɓa mai shi ba. Ya danna farce, ya taɓa gwiwa ya ji ko ta yi sanyi, ya juya mutum gefe don kada baya ya yi gyambo, ya goge masa baki da auduga mai ruwa. Kuma kowane lokaci sai ya kira suna. Ya ce da haka suke gane inda mutum yake: akwai mai amsawa da kansa, akwai wanda sai an kira shi, akwai wanda sai an mintsine shi, akwai wanda ko an mintsina shiru. Mai Jirgi yana wurin na biyu. Ga masu Zabarmanci ya kira su da Zabarmanci, ga Fulani da Fulatanci, duk bakinsa ɗaya.

Ɗazu aka ɗauke kuran, wutar lantarki. Ni na miƙe tsaye da salati, shi ko a jikinsa, ya duba batirin ƴar na'urar, ya jawo tukunyar iska ya sauya, yana yi yana ba ni labarin shinkafarsa ta Tanda da ruwa ya ci.

Da ya ambaci Tanda sai na tuna. Can aka kai yaron nan wurin uwata tun da aka yaye shi, haka ake yi da na fari. Da ya isa shiga lakkwal aka dawo da shi, sai ga shi an rubuta shi a ajina. Na je wurin direkta, shugaban makarantar, na ce a mayar da shi ajin mushe, malamin da ke kusa da ni, don ni ce ke kiran suna kowace safiya, kuma ba zan iya ba. Direkta ya yi ta dariya har da hawaye, amma ya mayar da shi. Ƴan zamani su ce ƙauyanci ne, oho. Uwata ba ta taɓa kama sunan yayana ba, kuma duk Tanda an san wanda take ɓoye wa ƙwan zabi.

Juma'a, bayan sallah

Jiki ya koma baya. Majo ya kira, shiru. Balki ta ce Baban Kausar, Baban Kausar, shiru. Sai an matsa masa farce da ƙarfi yake ɗan janye hannu.

Lokotoro ta buɗe ƙafar ta ga yatsu biyu sun yi baƙi. Ta ce muddin suna nan, kamar ana ɗebe ruwa ne daga jirgi ba a toshe hujin ba, ta faɗa da misalin da ta san za mu gane. Balki ta sa hannu aka cire su. Na ji ta a telefon da wani babbansu na Yamai, tana faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye, tana tambaya, tana cewa to. Bayan nan ta sauya maganin. Mutum mai ilimi da bai ji kunyar tambaya ba, ni dai na sara mata.

Tsohon da ke gadon kusa ya cika da azahar. Sun yi ta fama a kansa har gumi ya jiƙa mata riga. Da abin ya ƙare ita da kanta ta fita ta gaya wa ƴaƴansa, ba ta aiki kowa ba. Na hango ta bayan ɗaki ƙarƙashin bedi, ta dafa itacen. Can ta dawo, ta wanke hannu har gwiwa, ta durƙusa gaban robar Mai Jirgi.

Asabar, da la'asar

Yau na yi fushi da lokotoro, kuma ba ta da laifi.

Ta kira ni cikin ɗakin ta ce tansiyon ya fara tsayuwa, fitsari ya ɗan ƙaru, amma kansa bai dawo ba. Idan ya ci gaba da nutsewa, zai kasa kare numfashinsa, sai an sa masa injin numfashi, kuma babu shi a nan. Dole a ɗauke shi a ambilans a yi doguwar hanya zuwa Yamai, a wannan hali, da ramukan da damina ta bari. Ta ce ba ta son hanyar, tana tsoron kada ya cika a mota. Amma idan ya ƙi farkawa ta fi tsoron barinsa. Abin da take nema shi ne alama ɗaya cewa yana jin murya.

Ta ce in kira shi. Na matsa na ce, kai. Na ce, Mai Jirgi. Ko gezau.

Ta ce, “Madam, sunansa.”

Zuciya ta taso mini. Na ce mata ita da ta yi karatu har ta zama lokotoro, ba ta san abin da ake kira kunya ba? Na ce aikinta magani, ta yi maganinta, ta bar ni da abin da na gada. Na fito na zauna a benci ina huci.

Ba ta daɗe ba ta biyo ni, ta zauna kusa da ni, ta cire takalmi tana murza ƙafa. Ta ce ita ma ƴar fari ce. Ranar da ta gama karatu, uwarta ta aiki ƙanwarta ta ce a gaya wa waccan Allah ya yi albarka. Na tambaye ta ko ta ji haushi.

Ta ce, “Ban taɓa ji ba, na san abin da ke ƙarƙashinsa. Amma majo ya kira sunan nan har kunnensa ya saba. Ni dai na san da uwata za ta kira nawa yau, ko barci nake zan juyo, don ban san yadda yake fita daga bakinta ba.”

Ta ce ba dole, ba kuma alkawari take yi mini cewa zai amsa ba. Ta mayar da takalminta ta koma ciki.

Lahadi, da hantsi

Na gwada faɗin sunan ni kaɗai a bayan ɗaki. Ya zo maƙogwaro ya tsaya.

Lahadi, da almuru

Kausar ta tambaye ni ko babanta zai dawo da jirgi. Na ce ta je ta wanke ƙafa.

Ina son yaron nan fiye da duk waɗanda na haifa bayansa. Ga shi na rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Litinin, bayan azahar

Da safe na tarar da ambilans a bakin ƙofar reya, direba na duba taya. Balki ta ƙulle kaya a zane. Lokotoro ta ce ta jira iyakar abin da za ta iya, idan rana ta take bai nuna alama ba za su kama hanya, ita da kanta za ta shiga motar. Idonta ya yi ja, da gani ba ta je gida ba.

Na wanke hannu na shiga. Majo yana wurin, lokotoro tana wurin, Balki na leƙe ta taga. Na so su fita, amma na san ita dole ta gani da idonta. Ya rame, leɓensa ya tsage, gemunsa ya yi furfurar da ban san yana da ita ba. Ban taɓa tsayawa na kalle shi haka kusa ba tun yana goye.

Na kama hannunsa. Na faɗa. Dogon suna ne, ubansa, Allah ya jiƙansa, shi ya zaɓa, sai da na numfasa a tsakiya. Ya fito a shaƙe kamar ba muryata ba. Babu abin da ya faru. Lokotoro ta ce in ƙara, da ƙarfi, yadda nake kiran yara a aji. Na ƙara da muryar lakkwal, wadda ake ji har bakin titi.

Girarsa ta motsa. Idon ya buɗe da ƙyar, ya yi yawo a rufin ɗaki, ya sauko kaina ya tsaya. Bakinsa ya yi motsi a cikin abin shaƙar iskar, majo ya ɗan ɗaga masa.

Ya ce, “Na'am, Madam.” Ya huta. Sannan ya ce, “Ashe kin san shi.”

Majo Siddo nan take ya ga wani aiki a bayan tukunyar iska, ya juya mana baya. Lokotoro kuwa ba ta tsaya jin daɗi ba, ta ce masa ya matse mata yatsa, ya matse, ta ce ya faɗi garin da yake, ya ce Gaya mana. Ta haska idonsa, ta duba tansiyon, ta duba roba. Sai da ta gama duk wannan ta leƙa ta ce wa direba ya mayar da mota inuwa.

Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Laraba, da safe

Mata a benci sun fara cewa muryar uwa ce ta tashe shi. Na ce su rufe mini baki. Na ga abin da ya tashe shi da idona: ruwan da aka yi ta ƙarawa, maganin da aka sauya, yatsun da aka cire, ƴar na'urar nan, da mutum biyu da suka hana kansu zama. Da na yi kiran nan ranar Juma'a, da bango na kira. Su suka jawo shi har bakin gaɓa, ni ina tsaye a tudu.

An cire na'urar yau. Tansiyon ya tsaya da ƙafarsa.

Juma'a, da la'asar

Ya sha kunu rabin kofi, ya ce babu sukari. Balki ta yi ta murna wai ya fara ƙorafi.

Talata, da hantsi

An fitar da shi daga reya tun shekaranjiya, yau aka sallame mu. Lokotoro ta ce zai daɗe yana jin kasala, wataƙila da mantuwa, kada mu tsorata. A kawo shi wankin ƙafa, kada ya kusanci gulbi sai ta ce, kuma ko wani a gida ya yi masassara ya fara sambatu ko numfashi sama-sama, kada a tsaya wurin mai tebur.

Na kai wa majo Siddo kyautar busasshen kifi. Da ya buɗe ya ga ƙurungu ne, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce zai rama wa Mai Jirgi a cikin miya.

Ita kuma na shirya maganar da zan yi mata tun daga gida, har da ban haƙuri a kan ranar Asabar. Na fara ke nan aka shigo da wata mace a kan gadon turawa, mai jego, jikinta na rawa. Lokotoro Sa'ida ta dafa hannuna ta ce Madam sai an jima, ta wuce. Ina hango ta daga nesa tana danna farce tana tambayar sunanta. Ban samu na gama ba. Allah ya sa uwarta ta san irin ƴar da take ce wa waccan.

Alhamis, bayan la'asar

Yana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙafa a kan matashi, Kausar na ƙirga masa yatsu tana cewa ba su cika ba. Na kawo maganinsa da ruwa na tsaya bakin ƙofa inda na saba. Na ce, kai, ga magani.

Bai juyo ba.

Na ce, Mai Jirgi, lokacin magani ya yi. Ya ci gaba da wasa da ƴarsa kamar babu kowa. Na ce a raina ko ciwon ya taɓa masa kunne. Sai na ga Balki ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa, shi kuma yana satar kallona ta wutsiyar ido. Ɗan banza, da yatsu takwas ma bai daina iya shege ba.

Na tsaya da kofi a hannu har ruwan ya fara zuba. Sannan na tako na shiga har bakin tabarma.

Na ce, “Abdulmalik, karɓi maganinka.”

Ya miƙo hannu biyu.